Yadda Teku Ya Jiƙa Injina, Ya Kuma Busar da Shi

Duk wanda ya zo lambuna a Jiratawa yakan tambaye ni abin da ya sa injin ban ruwana ya yi tsatsa haka, amma ja ɗaya ake yi wa igiyarsa ya tashi. Nakan ce masa teku ne ya yi masa wanka. Sai ya yi dariya, yana tsammanin zolaya ce irin ta Gobirawa. Yanzu da na shiga ajin manya a unguwar Zariya ta Maraɗi, hannuna ya fara sabawa da alƙalami, bari in ajiye labarin a takarda in huta da maimaitawa.

Sunana Haruna, haifaffen Tibiri, da zanen Gobir a kumatuna biyu. Filin lambun nan daga hannun mahaifina na same shi, a cikin filayen kwaferatib, wato ƙungiyar manoma. A shekarun da suka biyo bayan taron ƙasa, jam'iyyu suka yi yawa, kowa na da tuta amma ba kowa ke da albashi ba. Yau yajin aiki, gobe an ɗauke wuta. Manyan famfunan da ke ba mu ruwa kuwa da lantarki suke aiki. Ina ji ina gani albasata ta kwanta ta bushe. Masu ƙaramin inji na isansi, wato fetur, suka haƙa rijiya a bakin Gulbi suka ci gaba da aikinsu. Mu da ba mu da shi, shugabannin kwaferatib suka ce duk filin da sanyi mai zuwa ya tarar ba shuka, wani za a ba. Na bar matata Hajo tana leƙa filin, na nufi Kudu neman inji.

Wanda ya ja ni shi ne Sallau, wani da na sani a tashar Sabon Gari, mai kawo tsofaffin motoci daga Kwatano. Ya ce akwai aikin gadin motoci a bakin tashar jirgin ruwa, wata kaɗan zan yi in sayi inji har biyu. A hanya ba abin da yake kirana sai "ɗan uwa", ni kuma ina ɗauke da jakarsa. A Paraku ya ce garin nan ɓarayi sun yi yawa, in kawo guzurina ya adana. Na ba shi, har ina godiya.

Da muka isa Kwatano ya zaunar da ni a kan benci, ƙofar wani babban fili cike da motoci, ya ce zai shiga ya ga mai wurin. Ya bar mini jakarsa. Na zauna. Ni mutum ne mai haƙuri, mutanen Tibiri sun shaida, amma ranar nan haƙurin ya wuce ƙima. Na yi azahar a gefen bencin, na yi la'asar. Da mai gadin wurin ya fara kallona, na buɗe jakar. Tsofaffin jaridu ne da silifas ƙafa ɗaya. Na daɗe ina kallon silifas ɗin, ina tunanin inda ya kai ɗaya ƙafar.

Na gangara zango, wurin Hausawa, na shiga dako. Garin nan ko wanki ka yi ba ya bushewa, iska kanta a jiƙe take. Kowane abinci manja da kifi. Na yi marmarin fura har ina jin ƙamshinta a hanci ina tafe da buhu a ka. Akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin kasuwa, ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma duk safiya in ta zuba mini sai ta dubi fuskata ta ƙara ludayi ɗaya. Ban taɓa sanin sunanta ba. Allah ya saka mata.

In na tashi daga dako nakan bi ta layin masu kayan inji, in tsaya ina kallon injunan ban ruwa da ido kawai, domin tun da darajar kuɗin sefa ta karye farashinsu ya haye sama. Ran nan ina tsaye sai na ji an daka tsawa a bayana da Hausa:

"Kai! Wa ya kwance mini bawana ya bar shi yana yawo a kasuwa?"

Na juya. Wani gajeren mutum ne mai tumbi, rigarsa duk baƙin mai, yana nuna kumatuna da sifanar da ke hannunsa. Tun da na baro gida ban ji magana mai daɗin wannan ba. Wanda bai sani ba, tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗaya bawansa ne, ana zagi ba a fushi, kuma ba a wuce juna cikin wahala.

Na ce, "Bayarabe, rage murya, ubangidanka ba kurma ba ne."

"Wace kyanwa ce ta yakushe ka haka?"

"Wadda barkono ya kora daga gidanka."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Sunansa Lasisi, makanike ne kuma mai walda, ya yi shekaru a Maraɗi yana gyaran manyan motoci, can ya kwaso Hausa. Ya ja ni wurin mai abinci, ya sa aka cika mini kwano, yana zagin yadda nake cin teba. Da ya ji labarin filina da na Sallau bai ce "Allah sarki" ba. Cewa ya yi, "Sai Bagobiri zai yi gadin takalmi ƙafa ɗaya yini guda. Tashi mu tafi, ina da aikin da ya dace da wautarka."

Wurin aikin yana yamma da birni, kusa da wani ƙauyen masunta, cikin itatuwan kwakwa. Nan na fara ganin teku ido da ido. Na tsaya ina kallo.

Na ce, "Lasisi, ina ɗaya gaɓar?"

"Je ka duba, in ka dawo ka ba mu labari."

Akwai wata doguwar katangar duwatsu da ta kutsa cikin ruwa. A jikinta suke gina wani ɗaki na siminti. Mai aikin wata injiniya ce daga jami'a, Madam Kilemans, siririya, kullum cikin takalmin roba, ba ta da yawan magana. Faransanci take yi, Lasisi na juya mini. Ɗakin nan bakinsa a cikin ruwa yake, a sama kuma yana da ƴar taga. In igiyar ruwa ta buga, ruwan cikin ɗakin ya tashi ya turo iska ta tagar. In ta koma, ya zuƙo iska. A tagar za a ɗaura fanka, fanka ta juya dinamo, dinamo ya ba da wuta.

Na ce, "Ashe zugazugi ne, irin na maƙeran garinmu. Teku ne zai riƙa zuga."

Da Lasisi ya faɗa mata sai ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Ta ce an daɗe ana gwada irin wannan a wasu ƙasashe. Wasu teku ya farfasa su. Wasu kuma fankarsu kan tsaya duk lokacin da iska ta juya, kafin ta sake ɗaukar gudu igiyar ta wuce. Amma an ƙero wata sabuwa wadda ko iska fita take yi ko shiga, ita dai gefe ɗaya take juyawa. Ita suke jira ta iso a jirgi.

Na ce, "Tambaye ta, wannan wutar wa ke da ikon ɗauke ta?"

Bai ko tambaye ta ba. Ya ce, "Sai wanda ya iya hana teku numfashi."

Aka ba ni aikin gadi da kula da wani jan injin ban ruwa da suke amfani da shi wajen kwaɓa siminti da wanke yashi. Ranar da na fara taɓa shi na daɗe ina shafa shi. Lasisi ya lura. Ban san abin da ya gaya wa Madam ba, sai dai ta kira ni ta ce in aiki ya ƙare lafiya, injin nan nawa ne, a madadin wani ɓangare na ladana. Daga ranar kullum sai na goge shi, in lulluɓe shi da buhu, a gefensa nake shimfiɗa tabarma. Lasisi ya sa masa suna "amaryar bawa". In ya iso da safe sai ya ce, "Ango, an tashi lafiya? Ta yi maka tari jiya?"

Teku kuwa ban yarda da shi ba. Yawancin aikina a bayan kwakwa yake, wurin rumfar walda, kuma ko na zo gaɓa ba na son kallonsa. A bayan katangar duwatsun akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri inda wani rafi ke shiga teku. Nakan gan shi wani lokaci cike, wani lokaci yashi ne fili. Ban tambayi kowa ba, domin a ganina na san dalili. Haka Gulbinmu yake. In an yi ruwa can wajen Najeriya sai ya cika ya kawo, in sama ta ɗauke sai ya janye. Manomi kuma ya bi shi da injinsa, yana gangarawa kaɗan-kaɗan har tsakiyar yashi. Da wannan na tashi, da shi na girma.

Wata Juma'a labari ya zo fanka ta iso. Madam da Lasisi da sauran ma'aikata suka tafi tashar jirgi ɗauko ta. Aka bar ni in wanke yashin da ya taru a bakin ɗakin. Na tayar da inji da hantsi, aiki na tafiya, sai ruwan wurin nan ya fara janyewa, tiyo ya daina kaiwa. Na kashe, na ɗauki inji na gangara na bi ruwa. Ya ƙara janyewa, na ƙara binsa. Da lokacin masallaci ya yi na tsaya na duba sama gabas da yamma, kudu da arewa. Ko ɗigon girgije babu. Na ce to, ruwan nan ya tafi ke nan. Na gyara wa inji zama a kan damshin yashi, na lulluɓe shi da buhunsa don kada rana ta dame shi, na tafi masallacin ƙauye.

Bayan salla wani masunci ya ja ni gidansa cin abinci, na zauna har na sha hira da hannu. Da na dawo, wurin da na bar inji ruwa ne malala. Sama tas, ba hadari. Can na hango bakin tiyo yana lilo a kan ruwa, buhun kuma yana tafiya abinsa.

Ban iya iyo ba, amma na shiga har ƙirji. Masunta biyu suka taya ni muka jawo shi. Ruwan gishiri na zuba ta kowace kafa ta jikinsa. Na zauna a kan yashi na sa shi a gaba. Filin mahaifina kawai nake gani, da wani yana dasa albasa a cikinsa.

A haka motar su Madam ta same ni. Ta sauko ta dubi inji, ta dube ni, ta fara magana da sauri. Ba na jin Faransanci sosai, amma kora ba ta bukatar tafinta. Lasisi ya tambaye ni yadda aka yi. Na gaya masa gaskiya, har duban saman da na yi.

Ya riƙe baki. "Ka duba sama?"

"Kusurwa huɗu."

"Don ka ga ko teku zai dawo?"

"Ba hadari, Lasisi. Mi zai kawo shi?"

Sai ya zube a kan yashi yana dariya, yana dukan ƙasa, hawaye na zuba. Da ƙyar ya iya cewa, "Wayyo Gobir! Kai, teku kullum sai ya ja baya ya dawo, safe da yamma, tun da Allah ya yi shi. Wata ne ke jansa, ba ruwan sama ba. Yaran ƙauyen nan da ba su iya sa wando ba sun sani!"

Da ya gama ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya tsakanina da Madam. Ya daɗe yana magana, yana nuna ni, yana dukan ƙirjinsa. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce. Ya ce mata wannan bawansa ne tun kakanni, ɓarnar da ya yi a wuyansa take. In za a kore ni a haɗa da shi, ta nemo wanda zai ɗaura mata fanka. Madam ba Bayarabiya ba ce, ba ta san wasan ba, har ta tsorata da kalmar bawa. Sai da ya yi mata bayani, ya ƙara da labarin Gulbi. Sai ta tambaya ko da gaske ne a garinmu kogi kan tafi sai shekara ta zagayo. Na ce ƙwarai. Ta girgiza kai ta ce laifinta ne da ba ta taɓa tunanin akwai wanda sai an gaya masa ba. Ba ta kore ni ba. Ta ce injin dai nawa ne, mai rai ko gawa.

Muka kwance shi ɗaiɗai a rumfa. Muka wanke kowane ƙarfe da ruwan rijiya, muka shafe da mai. Komai ya yi daidai sai abu ɗaya, bobin, wato dunƙulen wayar da ke ba buji (fulogi) tartsatsi. Ruwa ya shige cikinsa. Lasisi ya ce in aka kai shi kusa da garwashi zai narke, rana kuma bayansa kawai take busarwa, ga iskar garin a jiƙe. Ɗumi yake so mai sauƙi, wanda ba ya yankewa, kafin gishiri ya cinye wayar. Muka kai shi gidan Lasisi a birni don a ɗora a kan abin ɗumama na lantarki, muka tarar can ma ma'aikata na yaji, wuta sai ta leƙo ta koma. Sabon bobin kuwa ko ganinsa ba a yi a kasuwa.

Madam ce ta samo dabara. Tun da ba a ja waya zuwa ƙauye ba tukuna, wutar gwajin za ta shiga ƴan ƙwayayen lantarki ne, ragowar kuma ta shiga wani akwatin ƙarfe wanda aikinsa kawai ya sha wutar ya yi ɗumi. Ta ce in fanka ta juya, a ɗora bobin a kan akwatin.

Ka ga yadda lamarina ya koma. Ni da ko kallon teku ba na son yi, na zama wanda ya fi kowa matsuwa ya motsa. Na riƙe wa Lasisi ƙarfe yana walda, na ɗauki kaya a kan katangar duwatsu ruwa na fantsamo mini, ban ja da baya ba. Aka ɗaura fanka, aka haɗa wayoyi. Sai teku ya kwanta luf kamar ruwan randa.

Masunta suna murna, ni ina zaune a kan dutse da bobin a aljihu, naɗe cikin tsumma. Wani direban Maraɗi ya kawo mini saƙon Hajo, ta ce maƙwabta sun fara yayyafa irin albasa, kuma an fara zuwa ana auna filinmu da ido. Kullum in duba bobin in ga koren tsatsa ya ƙaru a bakin wayar.

Lasisi ya ce, "Duba sama mana, Malam, ka gaya mana yaushe zai tashi."

"Kai da kake cika baki da kakanninku sun san teku, je ka roƙe shi."

"Ya ce ba ya aiki don Bagobiri."

Madam ita ma ta rame, domin mutanen da suka ba da kuɗin gwajin sun fara tambaya. Wata rana ta zauna kusa da ni a kan dutse, ta miƙo mini rabin burodinta, muka ci muna kallon ruwa.

Ran nan da hantsi ina alwala sai na ji wani gurnani kamar na bijimi a bayana. Na waiwaya. Igiyoyi ne manya suke tahowa daga nesa, a jere, ba iska ba hadari. Ɗakin siminti ya ja numfashi ya saki. Fanka ta motsa, ta yi kamar za ta tsaya, ta ci gaba. Iska ta fita, tana juyawa. Iska ta shiga, tana juyawa, gefe ɗaya dai. Ƙararta ta tashi siririya. Ƙwan farko ya yi ja kamar garwashi, ya yi fari, sauran suka bi shi. Madam da ba ta da magana ta yi ihu ta jefa hularta sama. Masunta suka sheƙo, mata na guɗa irin tasu. Ni ban tsaya kallon ƙwai ba. Tafina na kan akwatin ƙarfe, har na ji ɗumi ya fara ratsa shi. Na kwance tsumma na ɗora bobin, na ce Bismillahi.

Kwanakin da ya yi a kan akwatin nan ina gefensa, ina juya shi kamar mai gasa masara. Da Lasisi ya ce ya isa, muka mayar da shi jikin inji. Ya miƙo mini bakin wayar buji.

"Riƙe nan da kyau, bawa. Kada ka saki."

Na riƙe da yatsu biyu. Ya ja igiya. Wani abu ya harbe ni tun daga yatsa har ƙeya, na yi tsalle na faɗa kan buhunan siminti ina salati. Lasisi ya ɗaga hannu sama.

"Akwai wuta! Amarya ta farfaɗo!"

Hannuna na zogi, ina zaginsa, ina dariya, hawaye na zuba. Ya ɗaura buji ya sake ja. Inji ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama.

A saman wata motar kaya na dawo da shi, a rungume, tun daga Kwatano har Maraɗi. Na tarar sanyi ya fara shigowa. Hajo ta riga ta roƙi dashe wurin maƙwabta ta ajiye a inuwa, ta ce ta san zan zo, ko da yake ta ce da na ƙara mako ɗaya da ita ma ta daina sani. Muka haƙa rijiya, muka dasa. Filin yana hannuna har yau.

Ɗakin siminti ya yi aiki na wani lokaci, ya haska rumfar masunta, daga baya wata guguwa ta lalata bakinsa. Lasisi ya aiko mini cewa Madam ba ta karaya ba, tana zana wani. Yanzu nakan ji a rediyo ana ƙera wasu masu yawo a kan ruwa kamar gora, suna ba da wuta. In ana maganar a majalisa nakan gyara zama, domin ni kaɗai ne a Jiratawa wutar teku ta taɓa yi wa aiki.

Duk shekara nakan aika wa Lasisi buhun barkono a motar Kwatano. Shi yana gaya wa mutane haraji ne bawansa ke biya. Ni kuma na san ciyar da bawa wajibi ne a kan ubangidansa.

Abu ɗaya ne ya bi ni har gida. Da rani, in na gangara da inji cikin yashin Gulbi, ko masallaci zan je sai na saɓo shi na hau da shi tudu. Maƙwabcina Idi yakan dafa hauyarsa yana kallona ina nishi.

"Haruna, Gulbi fa sai baɗi! Dubi sama, ko girgije babu!"

Nakan ajiye inji in share gumi, in ce masa, "Ni ma na taɓa duba ta."